Labarin Ƙuruciya da Tarihin Gida a Ƙasar Hausa: Daga Dorugu zuwa Baba ta Karo

Duk wanda ya buɗe littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya juya da Turanci cikin 1908, zai tarad da sarakuna 48 a jere, tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello wanda ya rasu cikin 1893. Zai ji sunan kowane sarki da na mahaifiyarsa, da garuruwan da ya ci da yaƙi, da yawan shekarun da ya yi bisa gado. Amma in ya tambayi littafin nan abin da yaran Kano su ke karya kumallo da shi a zamanin Rumfa, ko yadda a ke kai amarya, ko abin da ya kan sami gida ran da mahara suka kama matar maigida, ba zai sami amsa ba. Wannan kuwa ba laifin marubucin ba ne, domin saboda fada ya yi rubutunsa, abin da fada ta ke bukatar tunawa kuwa shi ne wa ya gaji wa.

Akwai wani tarihi na biyu wanda ba a fada a ke ajiye shi ba, watau tarihin gida. Shi ne wanda tsohuwa ta ke ba jikokinta da dare bayan an ƙare tatsuniya: inda kakanni suka taso, dalilin da ya raba su da garinsu na fari, wanda ya haƙa rijiyar ƙofar gida, wadda aka sace aka fanso, da shekarar da aka ci tafasa ba hatsi. Nufin wannan takarda shi ne ta bi sawun yadda irin wannan tarihi ya fara hawa takarda a ƙasar Hausa, ta nuna abin da ya sa labarun ƙuruciya mafiya daraja da mu ke da su baƙi ne suka riƙe alƙalaminsu, sa'an nan ta faɗi yadda ya kamata mai neman tarihi ya auna su.

Hanyar malamai

Tun kafin zuwan boko malaman ƙasar nan suna da tasu hanya ta ba da labarin kansu. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu. Cikin 1812 ya rubuta wani ɗan littafi da Larabci mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya lissafta malaman da ya yi karatu wurinsu da littattafan da ya karanta wajen kowannensu. A ciki ya ambaci asalin danginsu Toronkawa, da kakansu Musa Jakollo wanda ya taso daga Futa Toro, ya kuma faɗi cewa wurin mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani, yana da shekara 13 aka danƙa shi hannun wansa. Cikin 1813 kuma ya haɗa Tazyinul Waraƙati, wanda ya tara waƙoƙinsa a ciki, yana bin kowace da bayanin abin da ya auku har ya yi ta.

Mai son sanin yadda ilmi ya ke tafiya a Gobir da Zamfara cikin ƙarni na 18 ba shi da jagora da ya fi waɗannan littattafai. Sai dai abin da malami ya ke so ya tabbatar shi ne silsilar karatunsa, don a san ilminsa yana da tushe, a san bakin da ya karɓa daga gare shi. Saboda haka ƙuruciya a wurinsa allo ce da tawada. Wasan dandali, da hirar tsakar gida, da tsoron da yaro ya ji ran da aka yi gangamin yaƙi, duk ba su da wuri a irin wannan rubutu, ba kuwa wanda ya sa rai zai same su a ciki.

Abin da kunya ta hana

Ban da malamai, sauran jama'a akwai abin da ya tsare musu hanya, ko da a ce sun iya rubutu. Bahaushe ya ce yabon kai jahilci. Mutumin kirki ba ya zama cikin mutane ya yi ta lissafin abin da ya yi da abin da ya gani, sai ya bar wa maroƙi ya faɗa a madadinsa, maroƙi kuwa abin da zai kawo kyauta ya ke faɗi. Ga kuma kunya wadda ta shiga ko'ina cikin zaman gida. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, yaro ba ya kiran sunan mahaifinsa, har in wani yaro ya ci sunan sai a laƙaba masa wani. To, ƙaƙa mutum zai rubuta tarihin gida alhali rabin sunayen da ke ciki bakinsa ba ya iya furta su?

Amma al'ada da ta rufe wannan ƙofa ta buɗe wata. Tsakanin kaka da jika babu kunya, sai wasa. Kaka ta kan kira jikanta miji, kakan ya kira jikanyarsa amarya, a yi ta ba'a, cikin ba'ar nan kuwa a ke faɗin abin da uba ba zai taɓa faɗa wa ɗansa ba. Shi ya sa tarihin gida a ƙasar Hausa ya kan tsallake tsara guda, ya faɗo daga kaka zuwa jika. In ka ji dattijo yana ba da labarin abin da ya auku shekara 50 kafin a haife shi, ka bincika, galibi a ɗakin kakarsa ya kwana yana yaro.

Baƙo ma kusan haka ya ke. Ba surukinka ba ne, ba ɗan farinka ba ne, gobe zai ɗaure kayansa ya tafi. Abin da a ke jin nauyin faɗa wa na gida a kan sake jiki a faɗa masa. A ganina wannan yana cikin dalilan da suka sa labarun nan biyu da za mu duba yanzu a kunnen baƙi aka zuba su.

Dorugu

An haifi Dorugu wajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance cikin ƙasar Damagaram, a Jamhuriyar Nijar ta yau. Tun bai balaga ba aka kama shi bauta, aka raba shi da iyayensa, ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har ya faɗa Kukawa, babban birnin Barno na wancan zamani. A can ne wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya 'yanta shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a bakin Tafkin Cadi cikin 1852, sai yaran nan biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim. Suka bi shi ta ƙasar Hausa har Tambutu, inda suka isa cikin Satumba 1853, suka komo Kukawa, suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, sai ga su a Landan cikin Satumba 1855.

A Ingila akwai wani malamin mishan, J. F. Schön, wanda ya taɓa zuwa Kwara cikin 1841, tun daga sa'an nan kuwa ya ɗora wa kansa aikin koyon Hausa. Samun Bahaushe a ƙofar gida ya zame masa kamar tsintuwa. Ya zaunad da Dorugu yana magana shi kuwa yana rubutawa, tatsuniyoyi da labaru da kalmomi, har da labarin rayuwar yaron tun daga Dambanas. Da wannan taimako ya fitad da littafin nahawun Hausa cikin 1862 da ƙamus cikin 1876. Labarin Dorugu kansa kuwa sai cikin 1885 ya fito a littafin da ya kira Magana Hausa.

Yadda Dorugu ya buɗe labarinsa abin lura ne. Da garinsu ya fara, da mahaifinsa da mahaifiyarsa, da aikin gona, watau abubuwan da aka ƙwace masa. Yaro ne da bai wuce shekara 16 ko 17 ba, yana zaune cikin sanyin ƙasar da ba mai jin harshensa, abin da ya rage masa na gida duka shi ne abin da ya riƙe a ka. Barth ya rubuta labarin tafiyar nan cikin manyan littattafai 5, ya auna tsawon koguna, ya lissafta sarakuna da kayan kasuwanni. Dorugu kuwa ya faɗi yadda tafiyar ta ke ga wanda ke bayan raƙumi, da yunwa da ƙishirwa da fargaba. Da ya isa Ingila kuma sai ya juyo da idon nan bisa Turawa, ya bayyana yadda su ke zama cin abinci da yadda matansu su ke ado, kamar yadda su ma su ke bayyana namu.

Duk da haka tilas mai karatu ya tuna da wurin da aka yi maganar. Schön harshe ya ke nema, labarin hanya ce kawai ta samun jimloli. Dorugu kuma a gidan mai ciyad da shi ya ke magana, ba mamaki ya tauna wata maganar kafin ya faɗa, ya haɗiye wata. Bugu da ƙari littafin a Landan aka buga shi, don Turawa masu koyon Hausa, mutanen Dambanas ba su san an yi ba. Shi Dorugu ya komo cikin 1864, ƙarshen rayuwarsa ya koyad da boko a makarantar da Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909, a nan kuwa ya rasu cikin 1912. Sai cikin 1971 A. H. M. Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fito da labarinsa da Turanci, duniya ta waiwaye shi.

Baba ta Karo

Kusan shekara 100 bayan zaman Dorugu da Schön aka sake yin irin wannan zama, amma wannan karon a ƙasar Hausa, tsakanin mata biyu. Cikin 1949 wani masanin zaman jama'a, M. G. Smith, mutumin Jamaika, ya zo binciken ƙasar Zazzau tare da matarsa Mary. Shi namiji ba ya shiga cikin gida, saboda haka duk abin da ke bayan zaure matarsa ce idonsa. A Giwa ta gamu da wata tsohuwa unguwarzoma mai suna Baba, suka shaƙu. Tsakanin Nuwamba 1949 da Janairu 1950, wajen mako 6, Baba tana zuwa kullum tana ba da labarin rayuwarta, Mary Smith tana rubutawa da Hausa yadda ya fito daga bakinta, daga baya ta juya shi da Turanci. Littafin ya fito a Landan cikin 1954 da sunan Baba of Karo. Baba ba ta gan shi ba, domin ta rasu cikin 1951.

An haife ta tun kafin zuwan Turawa, an fi ƙiyasta 1877, a Karo, wani ɗan ƙauye kusa da Zarewa a kudu maso yammacin ƙasar Kano, inda iyakar Kano ta ke gogayya da ta Zazzau da ta Katsina. Mahaifinta Tsoho manomi ne kuma malamin allo. Danginta Barebari ne da suka taso daga Barno, kakanta Ibrahim Dara kuwa ya tara bayi masu yawa a rinjinsa. Ta yi aure huɗu, na fari auren zumunta ne, na ƙarshe kuwa irin wanda kowa ke zaune gidansa. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi ta aurad da su, ta kuma yanke wa jarirai da yawa cibiya.

In aka dubi wannan taƙaitawa sai a ce ai ba wani abu a ciki, rayuwar kowace tsohuwa ce. To, nan darajar littafin ta ke. Baba ba ta ci gari ba, ba ta yi sarauta ba, saboda haka ba ta da abin da za ta yi alfahari da shi wanda zai danne sauran. Sai ta bi rayuwa daki-daki. Ta faɗi yadda 'yan mata su ke ƙulla ƙawance da abin da ke kan ƙawa ran bikin ƙawarta, da yadda a ke ba da riƙon yaro tsakanin dangi, da wankan jego, da zaman kishiyoyi da rabon kwana, da yadda mace ta ke neman rabuwa in zama ya ƙi, da bori da masu yinsa. Waɗannan abubuwa kowa ya san su a lokacin, don haka ba wanda ya ga dalilin rubuta su. Abin da kowa ya sani kuwa shi ne ya fi saurin ɓacewa, domin ran da ya canja ba a tarad da shi ko'ina ba.

Wajen maganar bauta ne labarinta ya fi amfanar masu tarihi. Ta bayyana zaman rinji daga ciki: bayi su fita gandun ubangijinsu da hantsi, a kai musu abinci gona, in rana ta karkata su koma gayaunarsu su yi wa kansu aiki. Ta nuna yadda 'ya'yan bayi da aka haifa a gida su ke tashi tare da 'ya'yan ubangiji, ana wasa ɗaya, amma kowa ya san matsayinsa. Sa'an nan ta nuna ɗaya fuskar, watau gidan da ya mallaki bayi shi ma bai tsira daga mahara ba. An kama mata daga cikin danginta, aka yi ta bin sawu ana tara kuɗi har aka fanso su. Mutumin ƙauyen kan iyaka a wancan zamani da safe yana iya zama ubangijin bawa, kafin faɗuwar rana yana ɗaure da igiya a wuya.

A nan ne labarin Baba da na Dorugu su ke haɗuwa. Shi yaron da aka kama ne ba a fanso shi ba, ita kuwa ɗiyar gidan da irinsa su ke yi wa noma. Wanda ya karanta guda ya bar guda rabin magana ya ji.

Zuwan Turawa ma haka ta kawo shi, ta ƙofar gida. Littattafan tarihi su kan ce an shiga Zariya cikin 1902, an ci Kano cikin Fabrairu 1903, Gwamna Lugga kuma ya yi doka cikin 1901 wadda ta 'yanta duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar, ba a kuwa soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Baba ba ta san waɗannan lambobi ba. Abin da ta sani shi ne hari ya ɗauke, mutane suka sami fita gona da tafiya kasuwa ba fargaba, ta kuma ce su Haɓe sun yi maraba da abin, masu sarauta ne ba su so ba. Amma ta san bayi sun watse daga rinji, gandu ya rasa hannu, arzikin gidansu ya ragu. Murna da hasara suka zo rana ɗaya, ba ta ɓoye ko guda ba. Daga irin wannan bayani ne M. G. Smith ya kawo ra'ayinsa cewa kulle ya ƙara yaɗuwa a ƙauyuka bayan 'yanta bayi, domin matan da dā a ke tilasta musu noma sun ɗauki zaman ɗaki alamar 'yanci.

Wani abin takaici shi ne, ko da ya ke da Hausa Baba ta yi magana, mutanen Landan da na Amurka sun riga jikokin Zarewa jin ta. Sai bayan shekara 30 da 'yan kai aka buga Hausar, da sunan Labarin Baba, Mutuniyar Karo ta Ƙasar Kano. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, wanda ya karanta biyun kuwa zai shaida haka.

Waɗanda suka biyo baya

Daga tsakiyar ƙarni na 20 sai manyan mutane suka fara ba da labarin kansu. Cikin 1958 hukumar NORLA ta Zariya ta buga Labarin Maimaina na Jega, Sarkin Askira. Maimainan nan kuwa jikan Abbega ne, abokin tafiyar Dorugu, wanda bayan komowarsa daga Turai ya yi sarautar Lakwaja, ka ga yadda tarihin gida guda ya haɗa zamanin Barth da na En'e. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya fitad da nasa da Turanci cikin 1962, ya fara da ƙuruciyarsa a Raba da salsalarsa zuwa ga Shehu. Neil Skinner ya ɗauki labarin Alhaji Mahmudu Ƙoƙi, malamin Kano wanda ya taimaki Bargery aikin ƙamus, aka buga cikin 1977, a ciki akwai Kano yadda yaro ya gan ta kafin 1903 da bayanta. Na Alhaji Abubakar Imam kuma ya fito cikin 1989, shekara 8 bayan rasuwarsa.

Littattafan nan duka suna da amfani ƙwarai. Sai dai mai muƙami in ya waiwayi ƙuruciyarsa ya kan gan ta kamar hanya ce da aka share zuwa inda ya ke zaune yanzu, sai ya zaɓi abin da ya dace da ƙarshen labarin, ya yi sauri ya wuce zuwa makaranta da aiki da siyasa. Cikin gida kuwa, inda mata su ke, kunya ba ta barinsa ya ɗaga labule. Shi ya sa har yanzu in ana maganar rayuwar matan Hausawa ta dā, da Baba a ke farawa.

Yadda za a auna irin wannan labari

Mai aiki da labarin ƙuruciya, ko mai niyyar rubuta nasa, ya kamata ya rarrabe abu uku da su kan cakuɗe a bakin mai magana. Akwai abin da ya gani da idonsa, akwai abin da aka faɗa masa, akwai kuma fassarar da ya yi wa abin bayan ya girma. Zaman rinji Baba ta gani. Tasowar kakanninta daga Barno ji ta yi. Hukuncin da ta yanke wa zamanin Fulani da na Turawa kuwa na tsohuwa ne mai waiwaye, tana kuma faɗa wa Baturiya, a lokacin da Turawa su ke mulki. Wannan bai mai da maganarta ƙarya ba, amma tilas a sa shi a ma'auni. Haka kuma a tuna ɗiyar ubangiji ce ta ke bayyana zaman bayi, da a ce ɗaya daga cikin matan rinjin ce ta sami mai rubuta mata, watakila da mun ji wani abu dabam.

Na biyu shi ne shekaru. Mutanen dā ba su riƙe shekara da lamba ba, da aukuwa su ke riƙe ta. Tsoho zai ce an haife shi ana Basasa, ko an yi masa kaciya shekarar da jirgi ya iso Kano, ko an yi aurensa bayan Kakalaba. Aikin mai bincike ne ya san Basasar Kano ta tashi cikin 1893, hanyar jirgi ta iso Kano cikin 1911, yunwar Kakalaba ta 1914 ce, 'Yar Buhu kuwa ta 1927. In ya kafa waɗannan turaku sai ya ɗaure sauran labarin a jikinsu. Kada ya matsa wa tsoho lalle sai ya faɗi lamba, domin zai faɗa don a rabu da shi, lambar kuwa ta shiga littafi ta zauna.

Na uku maganar asali. Gidaje da yawa su kan ce daga gabas suka zo, ko daga Barno, ko daga Malle, domin asali mai nisa yana da kwarjini. Wani gaskiya ne, wani kuwa ado ne da aka yi wa kaka. Ana iya gwada shi da waɗansu shaidu da ba su iya ƙarya da sauƙi: irin tsagen gidan, da sana'ar da suka gada, da unguwar da suka fara sauka, da waɗanda su ke wasa da su, kamar yadda Barebari su ke wasa da Fulani, Kanawa da Zazzagawa. In waɗannan suka dace da abin da baki ya faɗa, magana ta yi ƙarfi.

Na huɗu shi ne abin da aka yi shiru a kansa. Kowane gida yana da ɗakin da ba a buɗewa: kakar da aka sayo, ɗan'uwan da ya shiga duniya, rigimar gado da ta raba zumunta. Mai rubuta tarihin gidansu zai tsaya tsakanin faɗin gaskiya da rufin asiri, ba kuwa wanda zai yanke masa wannan sai shi da danginsa. Abin da za a roƙe shi kawai shi ne, in ya ga ba zai iya faɗi ba ya yi shiru, kada ya cike gurbin da abin da bai auku ba. Gurbi wani na iya cike shi wata rana daga wata majiya, amma ƙaryar da aka rubuta jikoki za su karɓe ta hannu biyu.

Abin da ya rage

Waɗanda suka ga shigar Turawa Kano duk sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda su ke yara ran da aka sami mulkin kai cikin 1960 su ne tsofaffin yanzu, su ne kuma na ƙarshe da suka kwana a ɗakin kakannin da suka ga zamanin rinji. A kansu akwai labarin dalar gyaɗa, da harajin En'e, da tafiya Makka a ƙasa ta Cadi da Sudan, da yadda aka fara kai 'yan mata makarantar boko. Zaman gandu da ya tara kaka da jika a gida ɗaya yana raguwa a birane, hanyar da tarihin gida ya saba bi ke nan ta ke ƙuncewa.

Dā sai an jira baƙo mai alƙalami ya zo daga wata ƙasa. Yanzu kusan kowane gida akwai mai karatu, akwai kuma wayar hannu mai ɗaukar magana. Ɗalibin wannan sashe da zai koma gida hutu ba ya bukatar izinin kowa kafin ya zauna gaban kakarsa, wasan da ke tsakaninsu ma ya riga ya buɗe masa ƙofar da aka rufe wa mahaifinsa. Ya bar ta ta yi magana da irin Hausarta, kada ya gyara mata, ya rubuta ranar da wurin da wanda ke zaune ana hirar, ya ajiye kwafi a sashe ya bar wa dangi kwafi. Mako 6 kaɗai Mary Smith ta yi tana sauraron Baba, bayan tashinsu kuwa tsohuwar ba ta cika shekara 2 a duniya ba. Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.